Sunan da Na Rubuta wa Ɗiyar Husna

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Tun da asuba nake jin su. Katanga huɗu ce tsakanin gidana da na ƙanwata Husna, amma guɗar Gwaggo Binta ko a Konni mutum yake sai ta iske shi. Yau sunan ɗiyar Husna. Ni kuwa ina ɗaki da zane ɗaure tam a ƙirji, don nonon ya ƙi tsayawa. Shi babu wanda ya gaya masa.

Ubaidullahi ya tafi wurin raɗin suna. Ya tsaya bakin ƙofa yana ta gyaran hula, ya ce, "Bushira, ba ki da saƙo?" Na ce ba ni da shi. Ya ce mutane za su tambaya. Na ce ya gaya musu matarsa tana wankan jego, ai ba ƙarya ya yi ba. Kwana ishirin da biyu ke nan da na haihu. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, komai ana yi mini kamar kowace mai jego. Abin goyon ne kaɗai babu.

Kayen nan, littafin da nake rubutu a ciki, na saye shi ne don in riƙa rubuta nauyin jaririyata wata-wata. Layi ɗaya na rubuta a shafin farko. Sauran shafukan ba zan bar su su tafi a banza ba.

Alhamis, bayan azahar

Tsahara ta zo. Ita ce mai taimaka mini a matanite, asibitin haihuwa, inda nake sajfam, wato ungozoma, shekara tara muna karɓar haihuwa tare. Ta shigo da kwano rufe da faifai, ta ajiye gabana, ta ce Husna ta ce a ba ni hannu da hannu. Ban dubi kwanon ba. Na ce mi aka sa wa yarinyar.

Sai ta kama kallon rufin ɗaki. Na ce, "Tsahara, bakinki ya ɗinke ne?"

Ta ce, "Malam ya raɗa Amina. Amma Husna ta ce a takardar haihuwa Filomina za a sa. Mina za a riƙa kira."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Na ce ta ɗauki kwanonta ta mayar inda ta ɗauko. Ta ce haba Madam, ko buɗewa ki yi. Na ce in ba ta fitar da shi ba wallahi kaji za su ci naman sunan a tsakar gida. Ta ɗauka ta fita, ko faifan bai motsa ba.

Husna. Husna! Allah ya isa tsakanina da ke.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Bari in rubuta don kada wata rana a ce haukan jego ne ya kama ni.

Shekarar sanƙarau ina da shekara goma sha ɗaya, Husna biyar. Wani foroje na agaji ya aiko Turawa mata biyu, suka buɗe ɗakin jinya a bayan lakwal, makarantar bokon garinmu. Sunayensu sun fi ƙarfin bakin mutanen garinmu: ɗaya Filomina, ɗaya Wilhelmina. Tunda kowace ta ce a gidansu Mina ake ce mata, gari ya huta, aka yi Mina Gajera da Mina Doguwa.

Innarmu aka fara kaiwa. Rana ta uku na goyo Husna muka je da furar da na dama mata da kaina. Doguwa ta tare ƙofa. Na ce Inna muke so mu gani. Ta dube mu daga can sama, ta ce da gurguwar Hausarta, "Babu. Gida." Ta tura ƙofa ta sa sakata. Husna tana bayana tana kiran Inna, ni ina bugun ƙofar da kwanon furar har ta zube mini a ƙafa. Da la'asar aka fito da Inna a tabarma. Tun daga ranar, in muna so mu ce wata ba ta da imani, ni da Husna sai mu ce Wilhelmina ce. Zagin namu ne mu biyu, ko Gwaggo da ta rene mu ba ta san shi ba.

Bayan sati ɗaya ciwon ya kama ni. Gajera ce ta zauna a kaina kwana tara, tana ɗura mini kunu da cokali. Ranar da na tashi zaune ta kama tafin hannuna ta rubuta sunanta da bik, ta ce ba na ƙasarsu ba ne ma, daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa wadda ake so. Na ce na Doguwa fa? Ta yi dariya ta ce wannan na Jamusawan da ne, hular yaƙi da taurin niyya. Na ce ya dace da ita.

Kwana uku na ƙi wanke hannun. Kuma a kan tabarmarmu na gaya wa Husna cewa in Allah ya ba ni ɗiya, Filomina ce. Ita kaɗai na gaya wa. Shekara sha biyu na yi da aure ina riƙe da sunan nan, ina karɓar ’ya’yan mutane ina miƙa musu. Shekara uku na yi ina lallashin Ubaidullahi kafin ya yarda malam ya raɗa Amina, takarda ta ɗauki nawa. Har dabarar ma tawa ce ta sace.

Tawa kwana huɗu ta yi. Ba ta kai bakwai ba, saboda haka ba ta samu suna ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da la'asar

Ko sati uku ba ta bari ƙasar ta bushe ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Gwaggo Binta ta zo. Na ji takunta da sandarta tun daga zaure. Na tashi na rufe ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Ke Bushira, buɗe, magana gare ni." Na ce ina barci. Ta ce, "Mai barci ka amsawa? Wane irin wulaƙanci ne kika yi muna ran suna? Kin ko buɗe kwanon?" Na ce nama ban rasa ba, Gwaggo, a gai da mai jego. Ta daɗe tsaye. Ina ganin ƙafafunta ta ƙasan ƙofa, duk laka. Ta ce ita ba za ta yi wagga magana da katako ba, ta juya.

Su duka ɗaya ne. Ita ce ta rangaɗa guɗar, da kunnena na ji.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

An yi ruwa. Ƙorama ta kawo. Duk sanda ta kawo sai in ji a kaina ƙarar ƙafar amalanken da ya ɗauke ni ranar naƙuda, sai in ji jakin nan yana tafiya kamar ba shi da inda za shi. Ba zan rubuta wannan ranar ba.

Abu ɗaya kawai. Maikano, mijin Husna, shi ya ce da bakinsa motarsa ba za ta bar gari ba har in sauka lafiya. Ranar da aka neme shi yana Illela, ya ɗauki ’yan kasuwa. Ya ce ruwa ne ya tare shi. Motar Mas'udu, wani direban garinmu, ta ƙetare ruwan nan a ranar, na tambaya, kuma na sake tambaya.

Mijin ya ɗauke motar, matar ta ɗauke sunan. Sun iya rabon aiki.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Ubaidullahi ya dawo daga gona ya ce gero ya fara fitar da kai. Na ce madalla. Ya zauna yana cire ƙaya a takalmi, can ya ce ya ga jaririyar, wai tana da goshin Innarmu. Na ce ka taɓa ganin Innarmu? Ya ce Gwaggo ce ta faɗa. Sai ya ce, "Suna ai ba ya ƙarewa, Bushira. In Allah ya sake ba mu..."

Na ce ya tsaya nan. Na ce ran da ya sake cewa in Allah ya sake ba mu, zai koma Illela inda yake koyarwa tun ba a buɗe lakwal ba, ya je ya koya wa bencina haƙuri.

Mutumin kirki ne. Yau kirkin nasa haushi yake ba ni.

Juma'a, 15 ga Agusta, da la'asar

Na ji wata a bakin rijiya tana cewa, "Mina ta sha nono ta yi barci." Mina. A bakin kowa, kamar sunan akuya.

Ban yafe ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Na koma aiki. Majo, shugaban asibitinmu, ya ce konjena, hutun haihuwa, bai ƙare ba, ko arba'in ban yi ba. Na ce zaman ɗakin ne zai kashe ni. Ya dube ni, ya miƙo mini makullin kabad.

Mata biyu awon ciki, ɗaya allura. 

Da na buɗe rajistar haihuwa sai ga ta. Tsahara ce ta karɓi haihuwar Husna ina gida, ta cike rana da sa'a da sunan uwa da na uba, ta bar wurin sunan jaririya fari fat, yadda muke yi har uba ya zo bayan suna ya faɗa. Maikano bai zo ba tukuna. Kullum yana kan hanya, ai mun sani.

Layin da ke samanta kaɗan nawa ne. Shi ma wurin sunan fari ne, amma an ja masa layi.

Na rufe rajistar. Na sake buɗewa. Na zauna ina kallon farin wurin nan har Tsahara ta ce ruwan wanke almakashi ya tafasa.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Husna aji biyu ta yi a lakwal aka cire ta. Maikano lambar mota da allon hanya kaɗai yake karantawa. Dogon suna na Turawa mai ƙarewa da mina, wa zai tsaya ya ƙirga haruffa?

Ni ban ce zan yi komai ba. Tunani ne.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Ya zo.

Ya tsaya bakin buro, ofishinmu, da hularsa a hannu, ya ce, "Yaya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Na ce lafiya. Ya ce ya so ya zo gida tun tuni, kunya ce ta hana shi. Na ce mi ke tafe da kai. Ya ce sunan yarinya. Sai ya kama kokawa da shi, Fila, Filo, har gumi ya keto masa. Ya ce, "Ke kin san shi ai, Yaya. Naki ne."

Naki ne. A gabana, ido cikin ido. Wallahi da bai faɗi haka ba wataƙila da na ajiye bik ɗin.

Na ce na san shi.

Na gyara zama, na share takardar da gefen hannu. Ban taɓa rubuta suna da kyau kamar yau ba. W babba mai ƙafafu, h ɗaya tana inda take, duk harafi ya zauna daram. Wilhelmina Maikano. Na juya masa rajistar na ce ya duba. Ya duba kamar gaske, ya ce, "Madalla, ga mina nan a ƙarshe." Ya sa hannu. Har godiya ya yi mini.

Yana fita na ji yunwa, irin wadda rabona da ita tun watan jiya. Na aika aka sayo mini tsire, na cinye tas ban ba Tsahara ko yanka ɗaya ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Ina ta shirya ranar a kaina. Shekara shida ko bakwai nan gaba, ran shiga lakwal. Husna ta yi mata kitso, ta riƙo hannunta, ga mata cike da fili. Mushe, malamin aji, ya ɗaga takarda ya kira suna da ƙarfi. Yarinya ba ta amsa ba don ba ta san nata ba ne. Ya sake kira. Husna kaɗai a filin nan za ta san abin da ta ji, kuma za ta san wa ya rubuta.

Daga nan har katin ɗan ƙasa, har takardar aure, har ranar da za a rubuta mata tata haihuwar. Ta so sunan Bature, na ba ta. A gida su yi ta Mina, Mina, babu wanda ya hana su.

Yarinyar ba ta yi mini komai ba, na sani. Tawa wa ta yi wa?

Litinin, 25 ga Agusta, da azahar

Yau arba'in ɗina. An daina dafa ruwa.

Majo ya kai takardun haihuwa na watan nan meri, ofishin magajin gari, a Dogarawa. Takardar yarinyar ta tafi.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Tsahara ta ce Husna ta rame, wai ba ta cin abinci, kullum tana tambaya ko na ce wani abu. Wai ta so fitowa ta zo, uwar mijinta ta ce mai jego ba ta taka waje sai ta yi arba'in. Na ce a gaya mata ta ci abinci, mai shayar da Filomina ai bai kamata ta rame ba.

Tsahara ta ce, "Madam, kin canza." Na ce na gode da kika lura.

Asabar, 30 ga Agusta, da la'asar

Nonon ya tsaya.

Na zaci zan ji daɗi.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan azahar

Wata ta zo haihuwa yau daga wajen Bazaga, ta zo ganin gida abin ya kama ta a nan. Jini ya ɓalle. Ɗiyarta babba ta biyo ta har bakin ɗaki tana kuka tana riƙe zanena. Na ɓamɓare hannunta na ce ta fita, na tura ƙofa na sa sakata. Uwar ta tashi, alhamdu lillahi.

Da na fito yarinyar tana zaune a ƙasa tana harara ta. Na san hararar.

Ba abin da ya dame ni. Rubutawa kawai na yi.

Talata, 2 ga Satumba, da la'asar

Gwaggo ba ta yi sallama ba yau. Ta iske ni ina tankaɗe a tsakar gida, ta zauna kan turmi tsakanina da ƙofar ɗaki, ta gitta sandarta. Ta ce yau sai dai in tsallake ta.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan farin ƙyalle a ƙulle, ta jefa mini a cinya. Na kwance. Gashi ne. Baƙi, laushi, ɗan kaɗan, irin na askin ran suna.

Ta ce, "Shi ad cikin kwanon da kika mayar, ƙarƙashin naman. Ke da kika yi boko har kin mance gidanku? A zuri'armu, wadda aka kai wa gashin suna ita aka ba ɗiya. Haka aka kawo mini naki da na Husna tun Innarku tana da rai, shi ya sa da ta faɗi babu wanda ya yi gardama da ni a kanku."

Na ce ban gane ba. Ƙarya nake, na gane.

Ta ce tun ranar da aka rufe tawa Husna ta ce in mace ta haifa, ta Yaya ce. Maza biyu gare ta, wannan ce mace ta farko. Ta yi rigima da dangin Maikano kwana bakwai a kan sunan, har kakar yarinyar ta ce ba za ta ci naman ba. Husna ta ce uwar ɗiya ta riga ta zaɓa tun shekara ashirin da suka wuce, ita shayarwa kawai za ta yi, ranar yaye ta miƙa. Maikano ko musu bai yi ba, Gwaggo ta ce kuka ma ya yi.

Ta ce, "Kika mayar da kwano a rufe gaban matan suna. Yanzu dangin miji na cewa ai kin ƙi, a bar musu abinsu. Husna ce kaɗai ta ce Yaya ba ta buɗe ba ne."

Na ce mi ya hana ku faɗa da baki? Na ɗaga murya, ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba. Na ce mutum yana cikin wuta ku aiko masa da kwano? Ta ce, "Wa ka cewa mai sabon rashi ga wata na ba ki madadi? Ɗiya ba tukunya ba ce. Aikawa akai, ta buɗe ita kaɗai, ta yi kukanta babu mai kallo. Kuma da na zo da bakin, katako kika ba ni."

Ta tafi ta bar mini ƙyallen.

Laraba, 3 ga Satumba, da azahar

Na hau mota ta farko zuwa Dogarawa. Na ce wa sakataren meri akwai kuskure a wata takarda daga wurinmu. Ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa, ya ce, "A'a, wannan ai ta fita. Uban ya karɓa shekaranjiya. Sunan ya burge mu, duk buro sai da muka gwada faɗinsa."

Na ce a gyara. Ya ce abin da ya shiga littafin nan ya sha hatimi ba a kankare shi, sai jastis, wato kotu. Uba ya kai ƙara, alƙali ya kira wadda ta rubuta ta faɗi yadda aka yi. Ya ce kuskuren harafi ne? Na ce ya fi harafi. Ya dube ni ta saman tabarau, na ce masa na gode.

A hanyar dawowa motar ta tsaya a ƙorama, kowa ya sauka aka tura.

Alhamis, 4 ga Satumba, da safe

Laifin Gwaggo ne. Laifin Tsahara ne da ba ta buɗe faifan da kanta ba. Laifin Maikano ne da bai iya karatu ba, ƙato da shi.

Kuma motar dai ba ta zo ba. Wannan ba kwanon da zai goge shi.

Asabar, 6 ga Satumba, da hantsi

Na sa ƙyallen cikin kayen nan, a shafin farko, kan layin nauyin.

Ubaidullahi ya ji labarin kwano a wurin Gwaggo, sai murna yake, har ya fara maganar sake yaɓe ƙaramin ɗaki bayan girbi. Ya ce, "Kin ga? Filominarki ta zo ta wata ƙofa." Na tashi na shiga bayi na daɗe.

Litinin, 8 ga Satumba, da la'asar

Zan iya yin shiru. Shekara shida ce. Kafin nan ta saba da ni, ta kira ni Inna, babu mai ƙwace ta.

Kuma ni zan riƙo hannunta zuwa filin lakwal ɗin.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Husna ta fito yawon arba'in. Gidana ta fara zuwa.

Ta rame ƙwarai, zanen jegon ya yi mata yawa. Ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ina wuni." Na ce lafiya, ki shigo. Ba ta yi maganar kwano ba, ba ta yi maganar ta'aziyya ba. Ta kwance goyo ta ɗora mini a cinya, ta koma gefe ta zauna tana kallon ƙasa, yadda baƙuwa take yi in ta kawo wa mutum ajiyarsa.

Goshin Inna ne. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Nauyinta zai kai kilo huɗu da rabi, hannuna ya auna da kansa. Ta kama ɗan yatsana ta riƙe.

Sai Husna ta zaro takarda daga cikin leda, a ninke huɗu, ta miƙo da hannu biyu. Ta ce a wurin mai riƙo takarda take zama. Ta ce, "Maikano ya ce ke kika rubuta da hannunki, na ce to alhamdu lillahi, ta karɓa ke nan. Karanta mini, Yaya. Ban taɓa jin shi daga takarda ba."

Tana murmushi. Haƙorinta na gaba da ya gutsure ranar da ta faɗo daga bayana yana nan yadda yake.

Na buɗe. Wallahi na yi niyyar in ce Filomina, har leɓena ya haɗu. Na dubi yarinyar, na dubi takardar.

Na karanta abin da ke rubuce.

Husna ba ta motsa ba. Murmushin ya daɗe a fuskarta bayan ya mutu. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Kuskure ne?" Na ce a'a. Ta ce, "Doguwa?" Na ce ita.

Na jira ta zage ni. Na so ta zage ni, da na samu abin mayarwa, akwai maganar mota a bakina a shirye. Ba ta ba ni hanya ba. Hawaye kawai suke zuba tana share su da bakin mayafi. Can ta ce, "Ni ce ke bayanki ranar, Yaya. Ni ma na ji ƙarar sakatar."

Yarinyar ta fara neman nono a ƙirjina. Babu komai a wurin. Husna ta matso ta ɗauke ta, ta juya mini baya ta shayar da ita, ta goya, ta ɗaure zane. Na miƙa mata takardar, na ce ta kai wa Maikano, a je jastis, zan tsaya gaban alƙali in faɗi abin da na yi ko da aikin zai tafi.

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "A kira yayata gaban alƙali, dangin Maikano su ji? Ran nan za su ce ba a ba ki ba, kuma ba ni da bakin da zan tare su." Ta sa takalmi. Daga bakin zaure ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Na ba ki, ban fasa ba. Yaye saura wata ashirin. Ki ajiye takardarki. Ran da ta tambayi wa ya sa mata, ke za ki amsa."

Juma'a, 12 ga Satumba, da safe

Na buɗe sabon shafi na ja layi biyu, wata da nauyi. Na rubuta Satumba, kilo huɗu da rabi.

A saman shafi ana sa suna. Na rubuta Mina, na tsaya. Tun ɗazu bik ɗin yana hannuna.